Kallon batsa: abin da bincike ya tabbatar, da abin da ake ƙara wa gishiri

Tambaya: "Ni ne shugaban wata makarantar sakandaren maza ta kwana. A zangon da ya wuce mun ƙwace wayoyi a hannun wasu 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, muka tarar da finafinan batsa a ciki. Za mu kira taron iyaye, kuma ni zan yi jawabi. An turo mini wani bidiyo ta WhatsApp da ke cewa kimiyya ta tabbatar kallon batsa yana cinye ƙwaƙwalwa kamar hodar iblis, yana kuma kashe mazakuta. Wani abokin aikina kuwa ya ce Turawa sun yi bincikensu sun ga babu wata illa. Ina gaskiyar take?"

Malam, Allah ya saka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin ka tashi gaban iyaye. Fannina ilimin halayyar ɗan Adam ne, ina koyar da shi ina kuma zama da masu neman shawara, kuma wannan matsala tana cikin waɗanda ake kawo mana da murya ƙasa-ƙasa, bayan an tabbatar an rufe ƙofa. Mai bidiyon da abokin aikinka kowa ya ɗauki ɓangare guda ya bar saura. Illa kam akwai ta. Sai dai illolin da aka fi kururutawa su ne hujjarsu ta fi rauni, waɗanda hujjarsu ta fi ƙarfi kuwa ba a cika kawo su a irin waɗannan bidiyoyi ba. Ka riƙe wani abu kuma tun daga farko: hukuncin addini a kan wannan abu bai rataya ga na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ba. Umarnin runtse ido yana nan a aya ta 30 da ta 31 cikin Suratun Nur, ko an yi bincike ko ba a yi ba. Don haka ba ka da buƙatar yi wa gaskiya ƙari don ka tsorata yara. Yaron da aka ce wa ƙwaƙwalwarsa za ta ruɓe, ya ga ya ci jarrabawarsa lafiya lau, ba zai ƙara yarda da sauran maganar ba.

Maganar ƙwaƙwalwa ta samo asali ne daga wani bincike da Simone Kühn ta Cibiyar Max Planck da ke Berlin ta buga tare da Jürgen Gallinat a 2014. Sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar maza 64 masu lafiya, 'yan shekara 21 zuwa 45, suka tambaye su awa nawa suke kallo a mako. Sai suka ga waɗanda suka fi kallo, wani ɗan yanki a sashen da ke kula da kwaɗayi da jin daɗi ya fi na saura ƙanƙanta. Jaridu suka ɗauka, labari ya zaga duniya. Amma masu binciken da kansu sun rubuta cewa ba za su iya ɗora laifin a kan kallon ba, domin sau ɗaya tak suka auna mutanen. Tana yiwuwa tun asali haka yankin nasu yake, shi ya sa suke neman abin da zai motsa su fiye da kowa. A bazara cinikin ƙanƙara yana ƙaruwa, sanƙarau ma yana ƙaruwa, amma babu mai cewa ƙanƙara ce ke kawo sanƙarau. Yanayin ne ke bayan duka biyun. Wannan tarnaƙi yana bin kusan kowane bincike a wannan fage.

A shekarar dai, Valerie Voon ta Jami'ar Cambridge ta kwatanta maza 19 da suka kasa riƙe kansu da wasu 19 da ba su da matsalar. Da aka kunna musu bidiyo, sassan ƙwaƙwalwar da ke motsawa wajen ɗan ƙwaya idan ya hango ƙwayarsa sun fi motsawa a rukunin farko. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sun fi saura ƙishin abin, amma ba su fi su jin daɗinsa ba. Duk wanda ya zauna da masu wannan lalura ya san haka take: mutum yana bin abu ido rufe alhali ya daɗe da daina jin daɗinsa. To amma mutum 19 ne kacal, kuma waɗanda matsalar ta riga ta kama. Bayan shekara guda Nicole Prause da abokan aikinta a Amurka suka auna da na'urar da ke bin motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, suka sami akasin abin da ake gani ga masu shaye-shaye. Har gobe masana suna ja-in-ja a kai.

Tun kafin waɗannan binciken, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ƙi sa matsalar yawan sha'awa a kundin cututtukanta na 2013. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta sa wata lalura ta kasa riƙe sha'awa a kundinta na 11, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a Janairun 2022, amma ba ta jera ta da shaye-shaye da caca ba. Sharuɗɗanta suna da tsauri: abin ya kai wata shida ko fiye, mutum ya yi ta ƙoƙarin bari yana kasawa, ya yi watsi da karatu ko aiki ko iyali saboda shi, ya ci gaba bayan ya ga ɓarnar da idonsa. Beáta Bőthe ta Jami'ar Montreal ta jagoranci wani bincike a ƙasashe 42 da ya tambayi mutum sama da 82,000, aka buga sakamakon a 2024. Waɗanda kallon ya zame musu matsala sun kama daga kashi 3 zuwa kusan kashi 17 cikin ɗari, gwargwadon ma'aunin da aka yi amfani da shi, kuma a cikinsu waɗanda suka taɓa neman taimako ba su wuce kashi 10 ba. Wato mafi yawan masu kallo ba su kai matsayin lalura ba, amma waɗanda suka kai suna da yawa, kuma kusan dukansu a ɓoye suke cin wuyarsu.

Akwai wani sharaɗi a kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya shafe mu kai tsaye. Ya ce idan damuwar mutum gaba ɗaya daga jin ya aikata laifi take, wannan kaɗai bai isa a ce yana da lalura ba. Joshua Grubbs, wani masani a Amurka, ya nuna tun 2015 cewa masu riƙo da addini sun fi saurin ɗaukar kansu kamammu ko da kallonsu bai kai na wasu ba, kuma wannan ɗauka ta fi yawan awoyin kallon jefa su cikin ƙunci. Wasu suna ɗaukar wannan sakamako su ce ashe addinin ne matsalar. Ban yarda da su ba. Nadama alheri ce, ita ke dawo da mutum kan hanya. Abin da ke hallakarwa yanke ƙauna ne da ƙyamar kai.

Ga yadda yake zuwa mana. Saurayi ne mai sallah, wani lokaci ma mahaddaci. Ya sayi datar dare mai araha, abokan ɗaki sun yi barci, ya ja bargo ya lulluɓe kansa da hasken wayar. Ya ce minti biyar, sai ya ga ƙarfe uku. Ga wankan janaba cikin sanyin hunturu, ga kunyar a ji motsin bokiti da tsakar dare, sai ya kwanta, asuba ta wuce shi. Da safe ya goge komai, ya rantse, ya ji shi munafuki ne da bai cancanci shiga sahu ba. Ya wuni a takure yana ƙaurace wa mutane. Dare na yi, ƙuncin nan ne zai sake miƙa masa wayar, domin da ita ya saba kashe damuwa. Azumi ya zo ya daina wata guda cur, bayan Sallah da kwana kaɗan ya koma, ya ce shi ke nan haka aka rubuta masa. Wanda ke cikin wannan hali ya ji wa'azin wuta har ya haddace, ƙarin tsoratarwa nutsar da shi take yi.

Kuma ana fita. A Jami'ar Jihar Utah, Jesse Crosby da Michael Twohig sun gwada wata hanyar jinya ta tattaunawa a kan maza 28, kusan dukansu mabiya cocin Mormon da ke ɗaukar abin zunubi ne babba. A zama 12 an koya musu gane lokacin da sha'awar ke tasowa, su bar ta ta wuce ba tare da sun bi ta ba kuma ba tare da sun tsaya kokawa da ita ba, su mai da hankali ga irin mutumin da suke son zama. Kallonsu ya ragu da kashi 93 cikin ɗari, na waɗanda ke jiran layi kuwa da kashi 21. An buga wannan a 2016. Ƙaramin gwaji ne, amma mutanen cikinsa sun fi kama da namu a kan yawancin waɗanda ake bincike a kansu.

Batun kashe mazakuta ba zan daɗe a kai ba. Ivan Landripet da Aleksandar Štulhofer sun tambayi samari a Kuroshiya da Norwe da Fotugal a 2015 ba su sami alaƙa mai ƙarfi ba, Grubbs da Mateusz Gola ma a 2019 ba su ga hujjar kallon ne ke jawo raunin ba. Ana samun wanda ya saba da hannunsa da sauya fuska a allo har ya sha wuya wajen matarsa, kuma galibi irinsa yana samun sauƙi idan ya daina. Amma manyan masu kawo raunin gaba su ne ciwon suga, hawan jini, taba, ƙwayoyi irin su tiramadol, da fargaba. Saurayin da aka cusa wa cewa ya riga ya lalata kansa, fargabar kaɗai ta isa ta kunyata shi daren farko, daga nan sai hannun masu sayar da maganin ƙarfin maza da lasifika a bakin kasuwa.

A kan aure hujjar ta fi nauyi. Paul Wright na Jami'ar Indiana da abokan aikinsa sun tattara bincike 50 daga ƙasashe 10, da mutum sama da 50,000, suka buga a 2017. Maza masu kallo sun fi nuna rashin gamsuwa da shimfiɗa da kuma zaman gaba ɗaya; a wajen mata ba a ga haka ba. Samuel Perry na Jami'ar Oklahoma da Cyrus Schleifer sun bi ma'aurata a Amurka na tsawon shekaru, suka ga waɗanda suka fara kallo a tsakani yiwuwar mutuwar aurensu ta kusan ninkawa. Ko nan ma hanyar biyu ce, domin wanda aurensa ya fara tsami shi ma yakan koma ga waya. Akwai kuma wani tsohon gwaji na 1989 da ake yawan kafa hujja da shi, cewa mazan da aka nuna wa hotunan tsiraici sun ce son da suke wa matansu ya ragu. An sake gwada shi da mutane masu yawa a 2017 bai fito ba, don haka kada ka kawo shi. Abin da nake gani ya fi cin aure shi ne ɓoyon. Mace ta farka ta ga mijinta ya juya baya da waya, ko ta ɗauki wayar don kiran wani ta ci karo da abin. Tambayarta ta farko kullum ɗaya ce: ni me na rasa? Wata kuma ba ta taɓa ganin komai ba, sai dai ta ga ya fara neman ta da abubuwan da take ƙyama ko addini ya hana, idan ta ƙi ya ce ba ta waye ba. Ba ta da wanda za ta gaya wa, domin ko mahaifiyarta ba za ta iya buɗe wa wannan baki ba.

Tambayar da aka fi daɗewa ana faɗa a kanta ita ce ko batsa tana haifar da fyaɗe da cin zarafin mata. Gwamnatin Amurka ta kafa kwamiti har sau biyu. Na farko ya miƙa rahoto a 1970 ya ce bai ga hujjar tana haddasa laifi ba. Majalisar Dattawa ta yi fatali da shi da ƙuri'a 60 da 5, Shugaba Nixon ma ya ƙi shi. Na biyu, ƙarƙashin ministan shari'a Edwin Meese a zamanin Reagan, ya fito a 1986 ya ce mai ɗauke da duka da tilastawa tana da hannu a cin zarafi.

Ina jin abin da abokin aikinka yake nufi binciken Denmak ne. A 1969 ta zama ƙasa ta farko da ta halatta hotunan batsa, sai Berl Kutchinsky na Jami'ar Copenhagen ya bi alƙaluman 'yan sanda ya ga laifukan lalata ba su hauhawa ba, wasu ma sun ragu. Milton Diamond na Jami'ar Hawaii ya sami makamancin haka a Japan da Jamhuriyar Cek. Duk gaskiya ne. Amma 'yan sanda ƙarar da aka kai musu suke ƙirgawa, kuma ko'ina a duniya yawancin waɗanda aka yi wa fyaɗe ba sa kai ƙara; mu da muke rufe irin wannan don gudun abin kunya mun fi kowa sani. Sannan batsar 1969 mujalla ce da babba zai tafi kanti ya saya. Da wasu masana tattalin arziki suka bi yadda intanet mai sauri ta shiga garuruwan Norwe ɗaya bayan ɗaya daga 2000 zuwa 2008, sun ga inda ta shiga ƙararrakin fyaɗe da ɗaurin da ake yi a kansa sun ƙaru. A 2013 aka buga wannan.

Akwai kuma gwajin Dolf Zillmann da Jennings Bryant na 1982. Sun sa ɗalibai kallo na mako shida, sannan aka ba su labarin wata shari'ar fyaɗe aka ce su yanke wa mai laifin ɗauri. Waɗanda suka fi kallo sun yanke kusan rabin abin da waɗanda ba su kalla ba suka yanke, maza da mata duka. Ba a ce za su aikata ba; girman laifin ne ya ragu a idonsu, kuma al'ummar da ta fara raina fyaɗe ta shiga uku. Wright ya tattara bincike 22 daga ƙasashe 7 a 2016 ya ga alaƙa tsakanin kallo da cin zarafi, musamman na baki. Christopher Ferguson da Richard Hartley suka yi tasu tattarawar bayan 'yan shekaru suka ce idan aka ware binciken da aka yi da inganci alaƙar takan dushe, sai ɗan abin da ya rage a kan mai ɗauke da duka. Bayanin da ya fi gamsar da ni na Neil Malamuth ne na Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles. Ya nuna cewa ga yawancin maza kallon ba ya mai da su masu fyaɗe, amma namijin da dama yake da ƙiyayya da raini ga mata, yake kuma ɗaukar saduwa abu ne da babu ruwansa da ƙauna ko amana, yawan kallo yana ƙara masa haɗari matuƙa. Ba ka san wane ne shi a cikin ɗalibanka ba, amma a makaranta mai ɗaruruwan yara da wuya a rasa shi.

Wannan ya kawo mu ga yara, kuma nan ne nake so jawabinka ya fi zama. Kusan duk binciken da na kawo a sama a kan manya aka yi shi, mutanen da suka riga suka san rayuwa kafin su kalla. Ɗan shekara goma sha uku bai san komai ba, wayar ce malamarsa ta farko. Me take koya masa? Ana Bridges da abokan aikinta sun duba fitowa 304 daga finafinan da suka fi kasuwa a Amurka, suka buga a 2010 cewa kashi 88 cikin ɗari suna ɗauke da wani nau'in duka, mari ko shaƙewa, kusan kullum mace ce ake yi wa, kuma ana nuna ta tana jin daɗi ko ba ta damu ba. Wani bincike na 2020 a kan manyan shafuka biyu na kyauta ya sami kashi 35 da kashi 45. Ko ƙaramin adadin ka ɗauka ya isa tashin hankali. Masana a Jami'ar Durham ta Ingila sun duba sunayen bidiyo sama da 150,000 da ke bayyana a shafin farko, wanda sabon shiga zai fara gani, suka ga ɗaya cikin takwas yana bayyana cin zarafi ne.

Kwamishinar kula da yara ta Ingila, Rachel de Souza, ta fitar da rahoto a Janairun 2023 bayan an tambayi matasa dubu. Matsakaicin shekarun fara gani 13 ne. Kashi 10 cikin ɗari sun gani tun suna shekara 9, kashi 27 kafin su wuce 11, kuma kashi 79 sun ci karo da mai ɗauke da cin zarafi kafin su kai 18. Inda suka fi gani Twitter ne, wanda yanzu ake kira X, gaba da shafukan batsar kansu. Yadda abin ke fitowa daga allo ya shiga jiki kuwa, Debby Herbenick ta Jami'ar Indiana ta tambayi ɗalibai a wata babbar jami'a, fiye da rabin 'yan matan suka ce an taɓa shaƙe musu wuya lokacin saduwa, abin da kan iya taɓa ƙwaƙwalwa ko ya yi kisa. Jochen Peter da Patti Valkenburg na Jami'ar Amsterdam sun waiwayi binciken shekara 20 a kan matasa a 2016, suka ga masu kallo sun fi ɗaukar zina ba komai ba, sun kuma fi kallon mace da idon raini, duk da sun yi gargaɗin cewa gane wanne ya haifi wanne yana da wuya. Štulhofer ma ya bi 'yan makaranta a Kuroshiya na wani tsawon lokaci, sau da yawa ya ga tasirin ƙarami ne. Amma yaran Holan da Kuroshiya suna da wasu wuraren jin bayani. Namu, uba yana jin nauyin ɗansa, uwa tana kunyar ɗan fari, malami ya zo babin janaba ya karanta da sauri ya wuce. Idan babu wata murya, ta wayar ce kaɗai yaro zai ji.

Akwai illar da babu mai jayayya a kanta, ita ce ta mutanen da ke cikin bidiyon. A Disambar 2020 jaridar New York Times ta fallasa yadda shafin Pornhub ke ɗauke da bidiyon ƙananan yara da na matan da aka yi wa fyaɗe. Visa da Mastercard suka janye, shafin ya goge miliyoyin bidiyo cikin 'yan kwanaki, fiye da rabin abin da ke cikinsa. Mai kallo ba shi da hanyar sanin ko wadda yake gani da yardarta aka ɗauka. Mu ma mun ga namu. A 2007 bidiyon sirri na wata 'yar fim ya yaɗu a Kano daga waya zuwa waya, ya ruguza mata rayuwa, ya jawo aka dakatar da harkar fim na wani lokaci. Yau kuwa saurayi ya lallaɓi yarinya ta turo hoto, ranar da suka ɓata ya watsa. Ga kuma masu yaudarar yara maza da sunan budurwa su karɓi hoton tsiraicinsu su nemi kuɗi. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda wannan sana'a, kuma a Satumbar shekarar wata kotu a Amurka ta ɗaure wasu 'yan'uwa biyu daga Legas shekara 17 da rabi kowanne, bayan wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ya kashe kansa a kan barazanarsu.

Iyaye za su tambaye ka me ya sa gwamnati ba za ta toshe ba. Birtaniya ta fara tilasta tantance shekaru a Yulin 2025, Kotun Ƙolin Amurka ta amince da irin wannan doka ta jihar Texas a Yunin shekarar, Majalisar Wakilanmu ma a Maris na 2025 ta nemi hukumar sadarwa ta NCC ta toshe shafukan. Ina goyon bayan duk abin da zai sa wa yaro shinge. Sai dai a Birtaniya ana fara dokar mutane suka yi rububin sauke manhajar VPN da ke kewaye shingen, kuma a wajenmu abin ba ta shafi kaɗai yake tafiya ba. Ta memori yake bi, ta Xender, ta zaurukan WhatsApp da Telegram, ta hannun wasu masu tura waƙoƙi da finafinai a rumfar cajin waya.

Kafin taron, Malam, akwai aikin da ya fi jawabin gaggawa. A zauna da yaran ɗaya-ɗaya, ba a gaban taron makaranta ba, a gano wa ya fara nuna musu. Idan babban ɗalibi ne ko wani ma'aikaci ko wani babba a unguwa, maganar ta sauya, domin nuna wa yaro batsa yana cikin hanyoyin da masu lalata da yara suke bi su sabar masa kafin su taɓa shi, kuma makarantar kwana wuri ne da ƙarami ba ya iya ce wa babba a'a. Idan a cikin bidiyon akwai ƙaramin yaro ko yarinya, ko ɗaliban ne suka ɗauki junansu, wannan laifi ne a ƙarƙashin sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta 2015, har mallakarsa. Kada wani malami ya tura wa wani da sunan shaida. A kashe wayar a adana ta a sanar da hukuma. Bulala a gaban jama'a da kiran suna a taro kuwa suna koya wa yaro ƙwarewa a ɓoyo ne kawai, kuma ranar da wani ya yi masa barazana da hotonsa ba zai zo wurinka ba.

Su kuma iyaye, ka ce musu kada waya ta kwana a ɗakin yaro, a tara ta wajen uba ko uwa bayan isha'i, kuma ɗan ƙaramar sakandare mai maɓalli ta ishe shi. Uba ya duba tasa wayar kafin ya miƙa wa yaro ya yi wasa, domin yara da yawa a wayar gida suka fara gani. A yi wa yaro maganar balaga kafin ta zo, tun yana shekara tara ko goma; idan uba ba zai iya ba, kawu ko malamin Islamiyya ya yi, kuma babin tsarki a fikihu ƙofa ce a buɗe. A gaya masa ƙarara cewa zai ci karo da irin waɗannan hotuna, cewa shiri ne na kasuwa da ake cutar da mutane a cikinsa, kuma idan ya gani ko wani ya nuna masa ko ya tsorata shi, ya zo ya faɗa ba za a dake shi ba. Wanda kuma aka ga barcinsa ya lalace, karatunsa ya faɗi, ya ƙaurace wa mutane, ko ya fara maganar gara ya mutu, a kai shi ga masanin halayya ko likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba. Akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, kuma ba sai mutum ya haukace ake zuwa ba.